Gizo da Zomo a ajin koyon Ingilishi

A Nijar ɗalibi yana soma Ingilishi ne idan ya shiga kwaleji, bayan shekara shidda na Faransanci. Tun 2025 kuwa, doka ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki na ƙasa. Sai dai nahawu da kalmomi kaɗai ba su sanar da yaro zaman mutanen da ke magana da harshen. A ganinmu tatsuniya tana iya toshe wannan giɓi, muddin aka kama daga wadda yaro ya sani.

Mu ɗauki misali. A tatsuniyarmu, an kafa ƴar danƙo a gona don a kama ɓarawo, Gizo ya kai mata duka, ya manne. A 1880 Joel Chandler Harris ya buga labarun da ya ji daga bakin bayi baƙar fata a jihar Jojiya ta Amurka. A cikinsu Yanyawa ya ƙera ƴar tsana ta kwalta, Zomo ya gaishe ta ba ta amsa ba, ya doke ta, shi ma ya manne. Ya kuɓuta da ya yi ta roƙon kada a jefa shi cikin ƙaya, alhali nan ne gidansa.

Kamannin labarun biyu shi ke jawo hankalin ɗalibi, amma darasin yana cikin bambancinsu. Gizo kwaɗayi ya kai shi ga tarko, masu sauraro suna yi masa dariya. Zomo kuwa marar ƙarfi ne da ya fi mai ƙarfi dabara, abin da ke da ma'ana babba ga mutanen da suka zauna cikin bauta har 1865. Ta nan yaro zai gane cewa Ingilishi ba na Ingila kaɗai ba ne, kuma Afirka tana da hannu a adabinsa.

Ga masu tsara karatu, aiki biyu ne. Na farko, a sake rubuta labarun Harris cikin Ingilishi mai sauƙi, domin karin harshen da ya kwaikwaya yana da wuya, kuma yana ɗauke da raini irin na zamaninsa. Na biyu, a nemo takwarorinsu cikin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga daga 1911 zuwa 1913, waɗanda Neil Skinner ya soma fitar da fassararsu a 1969. A aji, ɗalibi ya fara ba da tasa da Hausa, kana ya karanta baƙuwar.