Na'ura Mai Rubutu Da Ɗaliban Jami'a A Kaduna

Tun ran da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, cikin watan Nuwamba na 2022, aikin malaman jami'a ya sake kama. Yanzu ɗalibin da ke zaune a Unguwar Shanu, yana karatu a Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004, sai ya latsa wayarsa, kafin shayi ya huce an ba shi muƙala shafi biyar. Wannan ita ce a ke kira ƙirƙirarriyar basira.

To, ya kamata malamai su fahimci yadda abin ke aiki. Na'urar ba ta san gaskiya daga ƙarya ba. An cusa mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa ne, tana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Shi ya sa ta kan ƙago sunan littafin da ba a taɓa wallafawa ba, har da lambar shafi. A 2023 wata kotu a Niyok ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kawo mata shari'o'in da na'urar ta ƙaga. In lauya ya faɗa wannan rami, ina ga yaro ɗan aji ɗaya?

Hanawa ba za ta yiwu ba, kamawa kuma da wuya. Shi kansa kamfanin ya janye ma'auninsa na gane rubutun na'ura a Yuli 2023, don yawan kuskure. Abin da ya rage shi ne koyarwa. Ɗalibi na iya sa ta gyara masa nahawu, amma fa ya faɗi a fili inda ta taimake shi. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, don Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusuki, yana ambaton malaman da ya yi karatu wurinsu.

Kowane littafi na'ura ta ambata, a sa ɗalibi ya nemo shi ya riƙe da hannunsa. Ga Gidan Arewa nan a Titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, cike da takardun tarihi, ba shi da nisa daga unguwar. Bayan haka malami ya zaunar da mai muƙalar, ya rufe takardar, ya yi masa tambaya uku ko huɗu da baki a kan abin da ya ce ya rubuta.