Girgizar bidiyo: Inda wayar hannu ta fi kyamarar ɗaurawa, da inda ta gaza ta

Da asubahin Talata, 10 ga Satumba, 2024, ruwan madatsar Alau ya mamaye wani babban sashe na Maiduguri, ambaliyar da birnin bai ga irinta ba tun shekarar 1994. Kafin manyan kyamarorin gidajen talabijin su iso, duniya ta riga ta ga halin da ake ciki a Gwange da Fori da Kasuwar Monday da harabar fadar Shehun Borno, ta hanyar bidiyon da mazauna birnin suka ɗauka da wayoyinsu, wasu daga kan rufin gida, wasu daga cikin kwalekwale, wasu kuma suna tafe cikin ruwa har ƙirji.

Duk wanda ya bi waɗannan hotuna zai tuna cewa sun kasu biyu. Akwai waɗanda suka fito tar, har ana iya karanta allon shago a gane unguwar. Akwai kuma waɗanda girgiza ta cinye, ba a bambance mutum da bango. A ɗakin labarai wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin bidiyon da ba a iya tantance inda aka ɗauke shi ba ya zama hujja, kuma mai neman ɗan'uwansa da ya ɓace ba ya amfana da fuskar da ta dusashe. Rawar hannun mai ɗauka na da nata kaso, amma kaso mai yawa na komawa ga wata fasaha da ke ɓoye a cikin na'urar, wato fasahar daidaita hoto.

Matsalar ta girmi wayar salula. A shekarun 1970 Ba'amurke Garrett Brown ya ƙirƙiro Steadicam, wata riga mai hannun ƙarfe da ke raba nauyin kyamara da motsin jikin mai ɗauka, aka yi amfani da ita a fim ɗin Rocky na 1976. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanonin Nikon da Canon na Japan suka shigar da maganin cikin gilashin kyamarar kansa. Abin da ake da shi yau a aljihu jikan waɗannan ne.

Hanya ta farko ita ce wadda ake rubuta wa OIS a jikin kwalin waya. A cikin wayar akwai wani ɗan ma'aunin juyi da ake kira jairoskof, wanda ke jin ko da ƙanƙanin karkatar hannu. Da zarar ya ji hannu ya karkata dama, sai wasu ƙananan maganaɗisu su tura gilashin kyamarar ta ɓangaren da zai soke karkatar, ta yadda hasken zai ci gaba da sauka a wuri guda a kan farantin da ke karɓarsa. Ana yin wannan gyara sau ɗaruruwa ko dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Nokia Lumia 920 ta 2012 na cikin wayoyin farko da suka fito da shi, Apple ya bi sahu da iPhone 6 Plus a 2014, sannan a 2020 ya sauya dabara a iPhone 12 Pro Max, inda farantin ne ke motsawa maimakon gilashin.

Fa'idar wannan hanya ita ce gyaran yana faruwa tun kafin a ɗauki hoton, don haka ba a yanke komai, kuma tana taimakawa sosai cikin duhu. Iyakarta kuwa ita ce gilashin ba shi da filin motsi. A cikin 'yar ƙaramar kyamarar waya, abin da zai iya gyarawa bai cika wuce karkatar digiri ɗaya zuwa biyu ba. Wannan ya ishi rawar hannun mutumin da ke tsaye. Bai isa ga wanda ke gudu ko yake bayan Keke Napep a kan titi mai ramuka ba.

Hanya ta biyu, EIS, aikin manhaja ce. Kyamarar tana ɗaukar fili fiye da wanda za ta nuna, ta bar rara a gefuna huɗu. Sai manhajar ta duba abin da jairoskof ya rubuta, ta riƙa matsar da tagar da ke tsakiya sama ko ƙasa, hagu ko dama, a kowane hoto daga cikin 30 ko 60 da ake ɗauka a daƙiƙa. Kamar tela ne da ya bar rarar yadi a ɗinki domin gyaran gaba: gwargwadon rarar, gwargwadon gyaran da zai yiwu. Wasu na'urorin ma kan ɗan jinkirta adana hoton domin su ga motsin da ke tafe kafin su yanke shawara, shi ya sa bidiyon da aka adana kan fi wanda ake gani a allo lokacin ɗauka natsuwa.

A nan ne kyamarar ɗaurawa ta yi zarra, wato irin ƙaramar kyamarar nan mai kamar kwalin ashana da ake maƙalawa a hular kwano, ƙirji ko gaban mota. Nick Woodman ya kafa GoPro a 2002 domin masu wasan sululu a kan igiyar teku, amma sai a 2018, da HERO7 Black da tsarin HyperSmooth, daidaitawar kamfanin ta kai matsayin da ta rage buƙatar ƙarin kayan riƙo. DJI na ƙasar Sin ya shigo da Osmo Action da tsarin RockSteady a 2019, Insta360 kuma na da nasa mai suna FlowState. Abin lura shi ne galibin waɗannan kyamarori ba su da gilashi mai motsi ko kaɗan. Manhaja ce ke yin dukkan aikin.

Sirrin yana cikin faɗin ganinsu. A ce hannu ya karkata da digiri ɗaya. Idan kyamarar na ganin fili mai faɗin digiri 120, hoton ya gusa da kusan kashi 1 cikin 120 na faɗinsa, abin da ido ba zai damu da shi ba. Idan kuwa an zuƙo hoto har filin ya koma digiri 12, wannan karkatar dai ta zama kashi 1 cikin 12, kallo kuma ya zama azaba. Kyamarar ɗaurawa ta fara ne da faffaɗan gani, don haka girgizarta ƙarama ce tun asali, sannan tana da rara mai yawa da za ta yanke. Sababbin samfura har suna iya riƙe layin sararin sama a miƙe ko da an karkatar da kyamarar gaba ɗaya, abin da zai yi amfani a cikin kwalekwalen da ke tangaɗi.

Kamfanonin waya sun ga haka, sun kwaikwaya. Google ya haɗa hanyoyin biyu wuri guda a Pixel 2 a 2017. Samsung ya kawo Super Steady a Galaxy S10 a 2019, wanda ke komawa ga faffaɗar kyamarar wayar domin samun rara. Apple ya fito da Action mode a iPhone 14 a 2022, sai dai idan aka kunna shi ingancin bidiyon ba ya kai 4K, yana tsayawa a 2.8K, domin an sadaukar da gefuna. Hatta Tecno, wanda tare da Infinix da itel, duk na kamfanin Transsion, ya cika hannun jama'a a Arewa, ya fitar da Camon 18 Premier a 2021 da kyamarar da ke lilo a kan wani ɗan ƙaramin gimbal na cikin gida. Amma kada a ruɗu: yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ake sayarwa a Kasuwar Jagwal manhaja kaɗai gare su, wasu ma manhajar ba ta aiki idan aka zaɓi mafi girman ingancin bidiyo. Yawan megafiksel da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali ba ya faɗin komai game da wannan.

Akwai wurin da manhaja ke durƙusawa, kuma ya shafi mazaunin Maiduguri kai tsaye: duhu. Kowane hoto a cikin bidiyo yana buƙatar kyamara ta buɗe ido na ɗan lokaci. Da tsakar rana wannan ƙiftawar kan kasance kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka, kowane hoto ya fito a tsaye tsaf, manhaja ta jera su. Bayan magariba kuwa, ko a unguwar da babu wutar lantarki, dole kyamara ta bar idonta a buɗe har kusan kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa domin ta tara haske. Duk motsin da ya auku a wannan tsakani ya riga ya shafe hoton, kamar tawadar da aka goga kafin ta bushe. Manhaja za ta iya daidaita matsayin hoton, amma ba za ta iya maido da abin da ya shafe ba. Sakamakon shi ne bidiyon da ke tsaye amma fitilu da fuskoki na ta kyarma a cikinsa. Saboda haka ne iPhone ke gargaɗin cewa ana buƙatar ƙarin haske idan aka kunna Action mode da dare, kuma saboda haka ne waya mai OIS kan kayar da kyamarar ɗaurawa a wurin walimar dare ko tafsirin azumi. Ruwan Alau ma da dare ya shigo.

Waya ta fi kuma wajen zuƙowa da wajen ɗaukar abu na kusa. Gilashin yawancin kyamarorin ɗaurawa a kafe yake, ba ya neman saiti, don haka takarda ko fuskar da aka matso da ita sosai ba ta fita, abin da ke nesa kuma ya zama ɗan tsito. Wanda ya tsaya a gefen Dandal ranar hawan Sallah yana son ya kamo adon doki da rawanin mahayi daga nesa, wayar da ke da kyamarar zuƙowa mai OIS ce abokiyar tafiyarsa. Mahayin da ke son nuna yadda sukuwa take daga kan sirdi, shi kam ba abin da zai yi masa sai kyamarar ɗaurawa a ƙirji.

Wani batu da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne cewa gilashi mai motsi abu ne mai rauni. A watan Satumban 2021 Apple ya fitar da sanarwa cewa jijjigar injin babura masu ƙarfi na iya lalata OIS da na'urar saita hoto ta iPhone idan aka ɗaure wayar a jikinsu, ya kuma ba da shawarar amfani da mariƙi mai shanye jijjiga ko a kan ƙananan babura. An hana hawa babur a Maiduguri tun 2011, Keke Napep ya maye gurbinsa, amma a ganina darasin bai sauya ba: wayar da ta kwana ta wuni a maƙale da ƙarfen keke tana shan jijjigar da ba a gina ta dominta ba. Alamar lalacewar ita ce hoto ya riƙa rawa da kansa ko da an ajiye wayar a kan tebur, wani lokaci har da 'yar ƙara. Kyamarar ɗaurawa ba ta da wannan damuwa tunda babu abin da ke motsi a cikinta. Tun daga HERO5 ta 2016, GoPro na jure nutsewa har mita 10 ba tare da wani kwanso ba, alhali wayoyin da ke da shaidar IP68 an gwada su ne a ruwa mai tsabta na ɗan lokaci, ba a ruwan ambaliya mai laka ba.

Jijjigar inji na haifar da wata illar dabam, inda sandunan lantarki da bangon gini ke lanƙwashewa kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Dalili shi ne farantin kyamara ba ya ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi yake karantawa daga sama zuwa ƙasa, kuma kafin ya kai ƙasa kyamarar ta riga ta gusa. Manhaja mai kyau na rage wannan, OIS shi kaɗai ba ya magance shi.

Zafi kuwa bai bar kowa ba. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Maiduguri kan haura digiri 40, daidaitawar manhaja kuma aiki ne mai nauyi ga ƙwaƙwalwar na'ura. Waya kan rage hasken allo ko ta dakatar da ɗauka, kyamarar ɗaurawa kuma, wadda aka ƙera da tunanin iska za ta riƙa bugunta a guje, kan kashe kanta idan aka girke ta wuri guda a rana tana ɗaukar 4K. Sauka zuwa 1080p, wanda ɗigoginsa rubu'in na 4K ne, na rage zafin, ya rage cin batir, a wayoyi da dama ma ya ba manhaja ƙarin rarar yanka.

Wannan saukar ba asara ba ce ga wanda bidiyonsa a WhatsApp ko Facebook zai ƙare. Waɗannan manhajoji na matse bidiyo ta hanyar adana bambancin da ke tsakanin hoto da mai bi masa. Idan kyamara a natse take, bambancin kaɗan ne, hoton ya isa da kyansa. Idan tana girgiza, komai na sauyawa a kowane hoto, sai matsewar ta farfasa shi ya zama dabbare-dabbare. Bidiyon 1080p mai natsuwa ya fi 4K mai rawa isa ga mai kallo a Biu ko Monguno da ke lallaɓa datarsa. Ga wanda ya ɗauki abin da zai iya zama shaida, yana da kyau ya adana ainihin fayil ɗin a wayarsa, ya tura shi a matsayin takarda idan an nema, domin kada a matse shi.

Ga ɗan jarida ko ma'aikacin agaji da ke da waya ɗaya tak, akwai tsaka-tsaki: sandar gimbal mai injina uku, irin Osmo Mobile da DJI ya fara fitarwa a 2016, wadda ke riƙe wayar a daidai ba tare da yanke gefen hoto ba, ko da yake ƙarin kaya ce da ita ma ke neman caji. Wanda ba shi da ita ya riƙe waya da hannu biyu, ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ya ɗan sassauta gwiwoyinsa yayin tafiya, ya koma faffaɗar kyamara idan akwai rana, ya matsa kusa da ƙafarsa maimakon zuƙowa. Kuma a birnin da ke da shingayen tsaro da sansanonin 'yan gudun hijira, kyamarar da ke maƙale a ƙirji ba ta ɗauke wa mai ita wajibcin neman izini ba.

Kafin a biya kuɗi a shago, gwajin bai wuce minti biyu ba. A kunna bidiyo a yi taku ashirin a waje cikin rana, a sake yin wasu ashirin a lungu mafi duhu na shagon, sannan a zuƙo hoto ninki biyu a tsaya cak ana kallon wani rubutu daga nesa. A kalli ukun bayan an adana su, ba yayin ɗauka ba, a kuma duba ko zaɓin daidaitawar yana nan idan aka ɗaga inganci zuwa 4K.