Juyen Man Haidirolik: Ƙaramin Kuɗin Da Ke Kare Jarin Masu Taraktoci A Borno

MAIDUGURI — Yayin da tsadar kuɗin ƙasashen waje ta sa sabuwar tarakta ta fi ƙarfin akasarin manoma, masu gonaki da masu ba da haya a Jihar Borno sun ƙara karkata ga ƙananan taraktoci na hannu, waɗanda suka riga suka yi shekaru suna aiki a wasu wurare. Riba ko faɗuwa a irin wannan ciniki takan rataya ne a kan wani aiki da ba ya cin yini guda, wato juye man haidirolik da canja filta kafin taraktar ta shiga gona.

Ƙarancin kula da injinan noma tsohon ciwo ne a wannan yanki. A zamanin da kuɗin man fetur ya wadata, gwamnati ta kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi a shekarar 1973, mai hedkwata a Maiduguri, aka kuma buɗe babban aikin noman rani a Sabon Marte. A wancan lokaci ana haɗa taraktocin Steyr a Bauchi, na Fiat kuma a Kano. Da aka ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, taraktoci da dama suka kwanta a harabobin ma'aikatu saboda rashin wani ƙarfe guda.

Tarihi ya maimaita kansa bayan watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa farashin canji. Dalar Amurka, wadda ake sayarwa wajen naira 460 a farashin hukuma, ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Da yake famfon haidirolik da sauran kayan cikinsa daga ƙetare ake shigo da su, kowace faɗuwar naira kan ƙara wa mai tarakta kuɗin gyara kai tsaye.

Muhimmancin wannan mai ya samo asali ne daga ƙirar taraktar kanta. Tun bayan da Harry Ferguson, injiniya daga Ireland ta Arewa, ya ƙirƙiro tsarin hannaye uku da ke riƙe garma a bayan tarakta, ƙarfin mai ne ke ɗaga garma da haro, shi ne kuma ke daidaita zurfin huɗa. A yawancin ƙananan taraktoci, irin su Massey Ferguson, Mahindra da Kubota, mai ɗaya ne ke yi wa akwatin giya da ƙafafun baya da famfon haidirolik hidima. A wasu samfurori har birki a cikinsa yake nutse. Saboda haka idan man ya gurɓata, ɓarnar takan bazu zuwa sassa mafi tsada a jikin taraktar.

Yanayin Maiduguri na da abubuwa uku da ke rage wa man kwana. Na farko shi ne ƙurar hunturu da yashin da iska ke kwasowa, waɗanda ke shiga ta bakin zuba mai da bakunan tiyo idan an bar su a buɗe. Famfon yana aiki ne da matsin da ya ninka na iskar tayar mota fiye da sau 50, don haka ƙwayar yashi da ido ba ya gani tana iya cin ƙarfe a hankali. Na biyu shi ne zafin bazara, wanda kan haura maki 40 a ma'aunin Salsiyas a watannin Afrilu da Mayu, yana tsinka mai, yana kuma busar da robobin da ke hana yoyo.

Na uku shi ne ruwa. A watan Satumba na 2024, ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ta haddasa ambaliyar da ta mamaye babban ɓangare na birnin Maiduguri da Ƙaramar Hukumar Jere, shekara 30 bayan makamanciyarta ta 1994. Duk injin da ya tsaya cikin irin wannan ruwa, akwai yiwuwar ruwan ya ratsa cikin akwatin giyarsa. Haka nan taraktocin da ke aiki a fadamun shinkafa na Jere da Zabarmari kullum suna cikin laka. Mai sayen tarakta ta hannu a wannan yanki ba shi da tabbacin inda ta kwana, sai abin da man cikinta ya nuna masa.

Alamomin kuwa ba su da wuyar ganewa. Mai da ya koma fari-fari kamar madara ya gauraya da ruwa. Wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna ya sha zafi fiye da kima. Idan hannayen baya na ɗagawa a hankali ko suna karkarwa, ko famfo na kuka, galibi filta ko rariyar da ke bakin famfon ce ta toshe, har famfon ya koma zuƙar iska.

Ƙa'idar juyen ita ce a fara tayar da injin na ɗan lokaci domin man ya yi ɗumi, a ajiye taraktar a wuri mai laushin shimfiɗa marar gangare, a sauke hannayen baya ƙasa domin man da ke cikin silinda ya koma mazauninsa, sannan a kashe injin. A wanke ƙura da laka daga kewayen notunan juye kafin a kwance su. Sau da yawa notunan sun fi ɗaya, kuma wanda ya kwance guda kawai yakan bar tsohon mai a ciki. A duba maganaɗisun da ke jikin noti: garin ƙarfe mai laushi ba abin tsoro ba ne, amma ɓarɓashi manya na nuna cewa haƙoran giya ko boris sun fara ci.

Daga nan sai a ciro rariyar famfo a wanke ta da man dizal mai tsabta, a bar ta ta bushe. Filtar takarda kuwa ba a wanke ta, canja ta ake yi. A shafa wa robar sabuwar filta ɗan mai, a ɗaura ta da hannu ba tare da matsewa da ƙarfin sifana ba. Gwargwadon samfuri, ƙaramar tarakta kan ci lita 20 zuwa 45. Bayan an cika zuwa alamar da ke jikin ma'auni, a tayar da injin, a ɗaga hannayen a sauke sau da dama, a juya sitiyari dama da hagu domin iska ta fita, sannan a sake auna man.

Zaɓen mai shi ma yana da hatsarinsa. Taraktar da birkinta ke cikin mai tana bukatar nau'in da ake kira UTTO ko wanda kamfanin ya ambata a littafinta. Zuba man giyar mota ko gauraya iri biyu na iya sa birki ya riƙa ƙara, ya kuma lalace da wuri. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya ta sha kama jabun man injina a kasuwannin ƙasar nan, don haka sayen jarka mai hatimi daga sanannen dila ya fi sayen man awo araha a ƙarshe.

Ta fuskar lissafi, kuɗin mai da filta ƙalilan ne idan aka kwatanta da kuɗin sabon famfo, balle kwance akwatin giya. Asarar da ta fi wannan ita ce ta lokaci. Daminar Maiduguri gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma makonnin farkonta ne mai ba da haya ke tara yawancin kuɗin shekararsa. Taraktar da ta tsaya mako biyu tana jiran kaya daga Kano ko Legas ta rasa kasuwar da ba za ta dawo ba sai baɗi, manoman da suka dogara da ita kuma su yi shuka a makare.

Akwai kuma batun lafiya. Bai kamata a lalubi yoyon tiyo da hannu ba yayin da injin ke aiki, domin man da ke fita da matsi na iya huda fata, ya jawo raunin da kan kai ga yanke yatsa. Tsohon mai kuma a tara shi a durom, kada a kwarara shi a magudanar da ke ƙarewa a kogin Ngadda.

Kamfanoni da dama na ba da shawarar canja filta da mai bayan ɗaruruwan awoyi na aiki, kamar yadda littafin kowane samfuri ya tanada. Ga taraktar da ba a san tarihinta ba, lissafin yana farawa ne daga ranar da aka saye ta. Mai tarakta da ya rubuta ranar juye da adadin awoyin da agogon injin ya nuna, ya san lokacin juye na gaba, yana kuma da hujjar da zai nuna wa mai saye ko banki ranar da bukatar hakan ta taso.