Katin da ya fi kowanne ƙarfi a poker, da daren da ya sa wani matashi kuka

Akwai wani tsohon bidiyo da har yanzu yake yawo a YouTube. Wani matashi Ba'amurke, Matt Affleck, ya sunkuyar da kai a bakin tebur, idonsa ya cika da hawaye, jama'a kuma sai ihu suke yi. Da na fara ganinsa ban gane komai ba, don ni karta ta ba ta wuce Whot ɗin da muke bugawa a hostel idan an ɗauke wuta. Sai da na zauna na bi lissafin sannan na gane abin da ya same shi.

A nau'in poker da ake kira Texas Hold'em, ana ba kowa kati biyu a rufe. Sannan a shimfiɗa biyar a tsakiyar tebur waɗanda kowa ke da rabo a cikinsu: uku a tashin farko, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi shi ke kwashe abin da aka zuba. Babu farawar da ta kai a ba ka A guda biyu. A lissafi, sau ɗaya take zuwa cikin rabo 221. Mutum zai iya kwana a tebur bai gan ta ba.

To irin wannan rabon ne ya faɗo hannun Affleck a watan Yulin 2010, a babbar gasar World Series of Poker a Las Vegas. Mutum 7,319 ne suka shiga, kuɗin shiga dala 10,000, kuma saura su 15. Abokin karawarsa, Jonathan Duhamel ɗan Kanada, J biyu ne a hannunsa. Aka shimfiɗa 10, 9, 7, sannan Q. Affleck ya tura duk abin da ke gabansa. Duhamel ya daɗe yana tunani kafin ya amsa.

A daidai lokacin, cikin katuna 44 da ba a gani ba, 10 ne kawai za su ceci Duhamel. Sai aka juyo 8. Ta haɗa masa jeri: 8, 9, 10, J, Q. Shi ke nan fa.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne Affleck bai yi kuskure ba. Ya zuba dukiyarsa lokacin da yake gaba nesa ba kusa ba, kuma abin da ƙwararru ke koyarwa ke nan. Matsalar ita ce A biyu ba alkawari ba ce. Idan mutum ɗaya ne a gabanka da kowane irin kati, za ka ci kusan kashi 85 cikin 100. Idan kuwa mutum tara suka tsaya har ƙarshe, damar ta sauko kusan kashi 31. Har yanzu kai ne gaba da kowane ɗayansu, amma sau biyu cikin uku wani ne zai kwashe.

Shi ya sa dabarar da sababbin shiga suka fi so, wato su yi lamo kamar ba su da komai don kowa ya shigo, take yawan cin mai ita. Duk wanda ka bari ya ga katunan tsakiya da araha, ka ba shi damar haɗa abin da zai kayar da kai. Ƙwararru sukan ƙara kuɗi tun farko, masu rauni su janye, a bar su da mutum ɗaya ko biyu. Kuskure na biyu ya fi ciwo: tebur ya nuna ƙarara an wuce ka, amma ka kasa ajiye katin saboda ka daɗe kana jiransa. Kamar mai riƙe da tikitin da wasa tara suka shigo, saura ɗaya, har ya fara rabon kuɗin a ransa.

Na san wani zai ce, malam, ai wannan caca ce. Ƙwarai kuwa, hukuncinta a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, kuma ba zuga kowa nake yi ba. Amma mu daina yaudarar kanmu, cacar tana cikin wayoyinmu, kuma kalmar da ta fi cinye kuɗin abokanmu ita ce "wannan tabbas ne". A poker, inda ake iya ƙirga komai daki-daki, mafi tabbas ɗin ma yana faɗuwa kusan sau ɗaya cikin bakwai, ko da mutum ɗaya kake karawa. Ina ga wasan ƙwallon da ba ka san ko gola ya tashi da ciwon ciki ba?

Affleck ya fita a matsayi na 15 da dala dubu 500 da 'yan kai. Duhamel kuwa ya wuce da tulin da ya kwasa a hannunsa, ya lashe gasar a watan Nuwamba da kusan dala miliyan 8.9, ɗan Kanada na farko da ya taɓa yin hakan.