Kafin a Ce Bod Ya Mutu: Gaskiya da Ƙarya Kan Linzamin Tsohuwar Laftof

Yawancin laftof ɗin da ke hannun mutane a unguwar Kinkinau ta Kaduna ba sababbi ba ne. Ɗalibin Kaduna Polytechnic da ke haɗa furojet, da mai shagon buga takardu a Unguwar Mu'azu, da malamin Islamiyya da ke shirya sakamakon jarrabawar yara, kusan kowa HP EliteBook ko Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad yake riƙe da ita, wadda ta gama bautar ofis a Turai ko Amurka kafin ta sauka Legas, ta biyo mota zuwa shagunan titin Ahmadu Bello. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ne suka shigo Nijeriya a 2015, haka ma a 2016, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu a mace suka iso. Waɗanda suka iso da rai ma sun riga sun ci rabin zamaninsu. Cikin abubuwan da ke fara ba mai irin wannan kwamfuta ciwon kai akwai linzamin jikinta, wato faifan nan da ke gaban madannai, wanda ake shafawa da yatsa kibiya ta motsa. Ran da ya ƙi aiki kuwa, kowa malami ne.

Akwai abu ɗaya da in aka riƙe shi, za a iya auna kusan duk maganar da ake yi. Faifan ba nauyin yatsa yake ji ba. A ƙarƙashinsa akwai siraran layukan ƙarfe da aka saƙa a tsaye da a kwance, ɗauke da 'yar wutar da ba ta kai a ji ta ba. Jikin mutum na ɗaukar lantarki, saboda haka idan yatsa ya kusanto sai ma'aunin wutar ya ɗan canja a daidai wurin, kwamfuta ta gane inda yatsan yake. Tun da Apple ya sa irin wannan faifai a PowerBook 500 a 1994 haka abin ke tafiya. Duk abin da zai dagula wannan ɗan ma'auni, ko ruwa ne, ko maiƙo, ko gurɓatacciyar wuta, zai iya rikita kibiya. Abin da bai taɓa shi ba kuwa, da wuya ya zama shi ne mai laifi.

Maganar da aka fi ji ita ce bairos. Da zarar kibiya ta tsaya, sai wani ya ce ai filashin da aka kai kafe ne ya kwaso cuta, sai an yi fomat. Wannan kusan kullum ƙarya ne. Masu ƙirƙirar bairos kuɗi ko bayanai suke nema, ba su da ribar komai a kashe maka linzami su bar sauran kwamfuta lafiya. Gwajin kuma bai kai kuɗin fomat ba: ari linzamin waje ka jona. Idan ya yi aiki sumul, to Windows ɗinka lafiya yake, matsalar tana tsakanin faifan da direbansa da wayarsa. Idan shi ma yana tsayawa yana ci gaba, to kwamfutar ce gaba ɗaya ke numfashi da ƙyar, kuma galibi tsohon hadis ne ya gaji ko ram ya yi kaɗan. Fomat kansa ma yakan jawo ciwon da ake cewa zai warkar. Sau da yawa bayan an sake ɗora Windows a gaggauce, direban Synaptics ko Elan ko Alps, kamfanonin da suka ƙera yawancin waɗannan faifan, ba ya dawowa. Sai mutum ya ga kibiya na tafiya amma jan shafi da yatsa biyu ya ɓace, ko faifan ya yi shiru ɗungurungum. Ya yi asarar fayilolinsa, ya kuma ƙaro matsala.

Sai ta biyu, wadda ta fi cin aljihu: bod ya mutu. Yana faruwa, amma shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a zarga. A HP EliteBook da ProBook na da, irin su 8460p da 8470p, akwai ɗan ɗigo a kusurwar sama ta hagun faifan. Idan aka taɓa wurin sau biyu a jere faifan zai kashe kansa, wata 'yar fitila ruwan lemo ta kama. Yaro na wasa zai iya yin haka, hannun riga ma zai iya. A sake taɓawa sau biyu, shi ke nan. A Acer akan danna Fn da F7, a Asus Fn da F9, a wasu kuma sai a duba layin madannan sama a nemi mai hoton faifai. Windows 10 da 11 suna da wani zaɓi da ke kashe faifan muddin akwai linzamin waje a jone, kuma ɗan mitsitsin kan linzami maras waya da aka manta a gefen laftof ya isa ya sa hakan. Ba sai da linzami ake shiga wurin wannan zaɓin ba: a danna madannin Windows, a rubuta touchpad, a yi amfani da Tab da madannin tazara. Idan duk wannan bai yi ba, akwai siririyar waya mai faɗi da masu gyara ke kira fileks, wadda ta haɗa faifan da bod. Laftof ɗin da ke yawo a jakar goyo, tana shan girgizar Keke Napep daga Kinkinau zuwa Kasuwar Barci, ko wadda aka taɓa buɗewa don share fanka, fileks ɗinta kan zame. Mayar da shi aikin 'yan mintoci ne. Ba na cewa masu gyara macuta ne, da yawansu sun san aikinsu sarai, amma wanda ya shiga shago yana cewa "Injiniya, a duba min fileks da direba tukuna" ba lissafi ɗaya za a yi masa da wanda ya ajiye jaka ya ce "ga ta nan, ta mutu" ba.

Maganar da mutane suka fi yi wa dariya kuwa, ita ce gaskiya. Idan wani ya ce kibiyarsa na hauka ne kawai in ya sa caja, ko in an tayar da janareta, sai a ce camfi ne. Ba camfi ba ne ko kaɗan. Aikin caja shi ne ta karɓi wutar gida ta volt 230 ta mayar da ita kimanin 19 ko 20, kuma a cikin wannan juyi tana haifar da wata hayaniyar lantarki. Caja ta asali tana da kayan tacewa da ke danne wannan hayaniya, kuma tana zubar da ragowar ta ƙafa ta uku ta filogi, wadda ke zuwa wayar ƙasa. Jabun caja, wadda za ka ɗaga ka ji ba nauyi, an rage mata waɗannan kayan don ta yi araha. Sannan gidaje da yawa, har da sababbin gini, ramin soket na uku ado ne kawai, ba a haɗa shi da komai ba. Ga kuma ekstenshin mai waya biyu, ga ƙaramin janareta da ba wanda ya kafa masa ƙarfe a ƙasa, ga inbata mai araha da wutarta ba ta fita a daidaice. Hayaniyar sai ta rasa hanya, ta bi jikin laftof, ta shiga daidai wancan ɗan ma'auni da faifan ke dogaro da shi. Sakamakon shi ne kibiya ta riƙa tsalle, ko ta yi nauyi, ko ta buɗe abin da ba a taɓa ba. Wani lokaci har za ka ji jikin laftof mai ƙarfe yana ɗan tsikarar hannu. A zare caja a gwada da batir kaɗai. Idan kibiyar ta natsu nan take, to a canja soket, in bai yi ba a ari cajar asali a gwada. Mutane da dama sun biya kuɗin sabon faifai alhali cajar da suka saya a bakin titi ce ke musu aika-aika, an bar jaki ana dukan taiki.

Kibiyar da ke tafiya ita kaɗai ba mai taɓa ta, ita ce ke tayar da maganar 'yan kutse, wasu ma har su kai ga mutanen ɓoye. A kashe intanet. Wanda ke juya kwamfuta daga nesa da manhaja irin AnyDesk ko TeamViewer ba shi da hanya in babu intanet, don haka in ta ci gaba da tafiya, ba kowa ba ne. A ThinkPad da Latitude da EliteBook akwai ɗan maɓallin roba a tsakiyar madannai, tsakanin G da H da B, ja a Lenovo. Shi ma linzami ne, kuma idan ya tsufa yakan riƙa jan kibiya a hankali zuwa gefe ɗaya. A ɗauke hannu na ɗan lokaci yakan daidaita kansa, in ya ƙi a kashe shi a saiti, faifan ya ci gaba da aikinsa. Wanda kuma rubutunsa ke tsallakawa wani layi yana cikin bugawa, tafin hannunsa ne ke gogar faifan.

Ƙunshin lalle kuwa ba ya hana faifai aiki. Inda maganar ta samo asali a fili yake: hukumar JAMB ta sha gargaɗin ɗalibai mata su guji ƙunshi a yatsu lokacin rajista da jarrabawa, saboda na'urar ɗaukar zanen yatsa kan kasa karanta shi. Waccan zanen fata take nema, faifan laftof kuwa bai damu da zane ko launi ba. Abin da ke damunsa shi ne jiƙaƙƙen hannu bayan alwala, da gumin watan Maris da Afrilu, da basilin ɗin da ake lafta wa hannu da hunturu. Busasshen yatsa mai kanta ma yakan sa ya yi jinkirin amsawa. Ƙyalle mai laushi da ɗan sifirit, bayan an kashe kwamfuta, ya wadatar. Fetur da kananzir cin roba suke yi. Ledar ado mai kauri da ake mannawa a kai ita ma tana rage masa ji.

Idan shayi ya zube a kai, binne laftof ɗin a cikin shinkafa ba shi da wani amfani, kamfanin Apple ma ya hana masu iPhone yin hakan. Sukari da madara ne ke zama a ƙarƙashin faifai suna cin ƙarfe, kuma shinkafa ba ta wanke su. A kashe nan take, a zare caja, a kai a buɗe a goge. Haka nan zancen cewa Microsoft ya kashe linzaman tsofaffin kwamfutoci ba shi da tushe. Abin da ya faru a ranar 14 ga Oktoban 2025 shi ne ƙarshen tallafin Windows 10, kamar yadda na Windows 7 ya ƙare a Janairun 2020, kuma ba wanda faifansa ya daina aiki saboda haka.

Wadda nake so a fi ɗauka da muhimmanci ita ce ta batir, domin ita kaɗai ce za ta iya wuce asarar kuɗi. Ana cewa batir na kashe linzami, kuma rabin maganar gaskiya ne. A laftof masu kauri na da, waɗanda ake zare batirinsu ta baya, batirin ya yi nisa da faifan, babu ruwansa. Amma a sirara na baya-bayan nan, batirin shimfiɗaɗɗe ne a ciki, kuma a yawancinsu daidai ƙarƙashin faifan yake kwance. Batirin lithium idan ya tsufa, ya sha zafi, ya daɗe a cike yana jone da wuta, sinadarin cikinsa kan fitar da iskar gas, sai ya kumbura kamar ƙullin fanke da ya kwana. Ba shi da wurin zuwa sai sama. Alamar farko ita ce dannawa ta yi tauri, ko gefe ɗaya ya daina yin ƙas. Daga nan faifan ya fara ɗagowa sama da jikin laftof, murfi ya ƙi rufuwa daidai, ko a ajiye ta a tebur ta riƙa rangaji. Yanayinmu kuma yana taimaka wa abin: ɗaki mai rufin kwano a bazara, laftof a kan katifa fanka ba ta samun iska, ga al'adar barin ta a caji dare da rana saboda ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba.

A nan ne shawarwarin banza suka fi haɗari. Wani zai ce a danne faifan da ƙarfi ya koma, wani ya ce a huda batirin da allura iskar ta fita, wani ya ce a sa shi a firiza ya sace. Batirin da aka huda ko aka matse yana iya kamawa da wuta nan take, da hayaƙi mai guba, kuma wutarsa ba ta mutuwa da sauƙi. Sanyi ba ya mayar da gas ɗin da ya riga ya fita, sai dai ya ƙara masa raɓa. Kumburarren batir ba ya gyaruwa. A daina caji, a kwashe muhimman fayiloli, a kai wa mai gyara ya cire shi. Yawancin laftof suna aiki da caja kaɗai kafin a samu kuɗin wani, kuma sau da yawa da an cire shi faifan ke komawa mazauninsa ya ci gaba da dannuwa, ba sai an sayi sabo ba. Wanda aka cire kuma kada ya kwana a ɗaki, kada a jefa shi bolar da ake cinna wa wuta. A bar shi wurin mai gyara, ko a ajiye shi a kan siminti a inuwa, nesa da katifa da galan ɗin man janareta.