Sabunta Babbar Manhajar Kwamfuta: A San Irin Lasisi Tukuna

Ran 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, watau babbar manhajar nan da ta yi shekara goma tana tafiyar da kwamfutoci a ofisoshi da makarantu ko'ina cikin duniya. Kwamfutocin da ke ɗauke da ita suna nan suna aiki kamar da. Abin da ya tsaya shi ne facin da kamfanin ya saba aikowa kyauta kowane wata don toshe kafofin da ɓarayi ke bi su shiga.

Haɗarin zama babu faci ya bayyana a watan Mayu, 2017, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kamar 150, masu ita suka nemi fansar dala 300 a kan kowace. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke ganin marasa lafiya wajen 19,000. Abin takaici shi ne tun watan Maris na wannan shekarar aka fitar da facin da zai hana wannan ɓarna, amma ba a sa shi ba. Saboda haka ma'aikaci da ɗalibi duk suna da dalilin neman komawa Windows 11, wadda ta fito ran 5 ga Oktoba, 2021. To, amma kafin a taɓa kome, akwai tambayar da ya kamata mai kwamfuta ya fara amsawa: wane irin lasisi ne ke kanta?

Izini Ake Saya

Mutane da yawa suna zaton duk wanda ya sayi kwamfuta ya mallaki abin da ke cikinta kaf. Ƙarfen dai nasa ne, babu shakka. Manhajar kuwa tana nan mallakar kamfanin da ya rubuta ta, abin da mai saye ya samu shi ne izinin aiki da ita bisa wasu sharuɗɗa. Wannan izini shi ake kira lasisi, kuma shi ne dogon rubutun nan da yake bayyana a fuskar kwamfuta ranar da aka fara kunna ta, wanda galibi akan danna amincewa da shi ba tare da an karanta ba.

Al'adar ta daɗe. A 1969 kamfanin IBM ya fara raba kuɗin manhaja da kuɗin inji. A 1976 Bill Gates ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan cewa ana kwafar aikin kamfaninsa ba a biya. Da IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa a 1981, Microsoft ya ba shi manhajar DOS, amma ya riƙe ikon ba sauran masu ƙera injuna lasisinta. A kan wannan dabara ce arzikin kamfanin ya ginu. A Nijeriya ma doka ta san da wannan, domin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris, 2023, ta sa manhajar kwamfuta cikin rubuce-rubucen da take karewa, daidai da littafi.

Rijiya, Guga Da Gidan Gwamnati

Lasisin Windows iri uku ne muhimmai. Na farko shi ne wanda ya zo tare da kwamfuta tun daga masana'anta. Shi kamar rijiya ce a tsakar gida: in an sayar da gida ta bi gida, ba kuwa mai tashi ya tafi da ita. Yana manne ne da babban allon da ke cikin injin, wanda masu gyara ke kira madabod. Ana iya canja ma'ajiyar bayanai ko a ƙara ƙwaƙwalwar aiki lasisin bai motsa ba, amma in aka canja wannan allo, a wurin kamfani ta zama wata kwamfuta dabam.

Na biyu shi ne wanda mutum ya saya shi kaɗai, da lambarsa mai haruffa da alkaluma 25. Wannan kamar guga ne, mai shi yana iya ɗaukarsa zuwa sabuwar kwamfuta, muddin ya cire shi daga tsohuwar. A 2025 farashinsa a Amurka dala 139 ne ga nau'in gida, watau Home, da wajen dala 200 ga nau'in Pro.

Na uku shi ne na sari, wanda ma'aikatu da jami'o'i da manyan kamfanoni ke saya wa injunansu. Shi kuma kamar gidan gwamnati ne, wanda ya bar aiki sai ya miƙa makulli. Wani nau'insa ma sai kwamfutar ta tuntuɓi na'urar ma'aikatar aƙalla sau ɗaya cikin kwana 180, in ba haka ba izinin ya faɗi. Har ila yau, lasisin sari na ɗorawa ne kawai a kan wani halattaccen lasisi da injin yake da shi tun farko. Ke nan ma'aikatar da ta sayo kwamfutoci wayam, da niyyar zuba musu Windows ta sari, ta saɓa sharaɗi ko da ta biya kuɗi.

A nan ne masu sayen kwamfuta ta hannu suke shiga uku. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka tsofaffin kayan ofisoshi ne. In an yi sa'a, lasisin masana'anta yana nan a jikin allo, ya kuma halatta ga sabon mai ita. In ba a yi sa'a ba, na sari ne na wani kamfani, ko kuma mai shago ya yi amfani da manhajar fasa makulli. Bayan 'yan watanni sai rubutu ya fito a kusurwar fuska yana neman a tabbatar da izini. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Ga shi kuma irin waɗannan manhajoji na fasa makulli sukan zo da ƙwayar cuta a ɓoye.

Abin Da Sabuntawa Ke Gada

Ƙa'idar ita ce sabuwar manhaja tana gadon matsayin tsohuwar. Mai halattacciyar Windows 10 yana hawa Windows 11 kyauta, Home ta zama Home, Pro ta zama Pro, rijiya ta tsaya rijiya, guga ya tsaya guga. Wanda tasa ta jabu ce, sabuntawa ba za ta wanke ta ba. Masu tsofaffin lambobin Windows 7 da 8 kuwa an rufe musu ƙofa. Tayin kyauta da aka yi musu ya fara ne ran 29 ga Yuli, 2015, na shekara guda, ko da yake lambobin sun ci gaba da aiki har watan Satumba, 2023, lokacin da kamfanin ya toshe hanyar.

Bayan lasisi akwai sharaɗin inji. Windows 11 tana bukatar ƙwaƙwalwar aiki mai gigabait 4, da ma'ajiya mai gigabait 64, da wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Galibin injunan da aka ƙera kafin wajen 2018 ba su shiga jerin waɗanda aka amince da su ba. Masu gyara sun san hanyar tsallake wannan shinge, amma kamfanin ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan inji faci ba.

Ga wanda injinsa ya gaza, shirin da Microsoft ya fara a 2025 ya ba mutum damar sayen facin shekara guda a kan dala 30, zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Ma'aikatu kuwa dala 61 ne kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa duk shekara har shekara uku. Akwai kuma Linux, wadda Linus Torvalds na ƙasar Finlan ya fara a 1991. Lasisinta ya yarda kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba, kuma wasu nau'o'inta suna tafiya lafiya a kan tsofaffin injuna, sai dai mutum ya yi haƙurin koyon sabon hannu.

Saboda haka, mai niyyar sabuntawa ya fara buɗe sashen saiti ya duba ko Windows ɗinsa tabbatacciya ce da kuma nau'inta, ya kwashe takardunsa zuwa wata ma'ajiya, ya kuma tuna cewa kwana goma kawai aka ba shi na komawa baya in sabuwar ba ta karɓe shi ba. Ɗalibi mai sayen ta hannu ya sa a nuna masa wannan sashe tun a shago, a kuma rubuta masa a rasit. Jami'in sayen kaya a ma'aikata kuwa ya tabbata ɗan kwangila ya kawo takardun lasisi tare da injuna, a shigar da su rajistar sito kamar sauran kayan gwamnati.