Me ya sa ciki ke ɓaci lokacin jarrabawa?

Da zarar watan Mayu ya kama, 'yan ajin ƙarshe na sakandare a Karaye da Rogo kan shiga zullumin WAEC, ga NECO na biye da ita. A wannan lokaci ake yawan jin ɗalibi na kukan murɗawar ciki ko gudawa da safiyar jarrabawa. Akan ɗora wa abinci laifi, amma sau da yawa fargaba ce ta buɗe wa ciwon ƙofa.

Bayan narkar da abinci, hanji na da aikin gadi. A bangonsa mafi yawan ƙwayoyin garkuwar jiki suke, suna fitar da sinadarin kariya mai suna IgA, wanda ke riƙe ƙwayoyin cuta kafin su ratsa cikin jini.

Idan hankali ya tashi, ƙwaƙwalwa kan sa wasu 'yan gaɓoɓi da ke saman ƙoda su saki sinadarin kotisol. Na ɗan lokaci yana ƙara kuzari. In ya ɗauki makonni yana yawo a jini, sai kariyar ta yi rauni. A 1983 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Amurka kan ɗaliban likitancin haƙori, inda aka ga IgA na yawunsu ya ragu a lokacin jarrabawa.

Wahalar jiki ma haka take. Doguwar tafiya zuwa makaranta a zafin bazara, ko wuni a gona ba ruwan sha, kan janye jini daga hanji zuwa fata da tsoka, bangon hanjin ya raunana. Wanda a wannan hali ya kurɓi ɗanyen ruwan dam ɗin Challawa ko na kududdufi ya sauƙaƙa wa taifot da kwalara hanya, kuma kwana uku a kwance na iya jawo masa asarar takardar Lissafi ko Turanci.

Don haka ku samu barcin awa takwas, ku bar kwana kuna karatu da shayi mai kauri. Ku karya da koko ko kunu kafin fita, ku riƙa shan tafasasshen ruwa. In damuwa ta yi yawa, ku faɗa wa iyaye ko malamin aji. In gudawa ta kama ku, ku fara shan ruwan gishiri da sukari. Idan kuwa ta zo da jini ko zazzaɓi, a garzaya asibiti ranar.